Dawn Staley: Me ya sa har yanzu NBA ba ta damƙa wa mace ragamar ƙungiya ba?

A shekarar 2025, lokacin da New York Knicks ke neman sabon koci, cikin waɗanda ta tattauna da su har da Dawn Staley, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Jami'ar South Carolina a Amurka. Daga baya Staley ta tabbatar da hakan, ta ce da an ba ta aikin da ta karɓa. Mike Brown aka ɗauka.

Hakan ya sake tayar da tsohuwar muhawara, domin tun kafa NBA ba a taɓa naɗa mace babbar kociya ba.

Daga 'yar wasa zuwa kociya

An haifi Staley a birnin Philadelphia a 1970. Ta buga wa Jami'ar Virginia daga 1988 zuwa 1992. A 1991 ƙungiyarta ta sha kashi a hannun Tennessee a wasan ƙarshe, amma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar.

Ta ci lambar zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1996 da 2000 da 2004, kuma ita ta riƙe tutar ƙasar a bikin buɗe gasar ta 2004 a Girka.

A 2000 ta fara horar da Jami'ar Temple alhali tana buga gasar ƙwararru ta WNBA. Haka ta haɗa ayyukan biyu har ta yi ritaya daga wasa a 2006.

Yadda ta gina South Carolina

Suna ne ya buɗe mata ƙofa, amma aiki ne ya zaunar da ita. Da ta koma South Carolina a 2008, a kakarta biyu na farko rashin nasara ya fi nasara yawa.

Al'amura sun sauya da ta fara shawo kan manyan matasa, musamman A'ja Wilson, 'yar asalin jihar, wadda ta shigo a 2014. Sun ɗauki kofin ƙasa a 2017 da 2022 da 2024. A na ukun, wasa 38 suka buga ba a doke su ko sau ɗaya ba.

Masu bibiyar D'Tigress za su tuna da ita: ita ce kociyar Amurka a Tokyo a 2021, lokacin da suka doke Najeriya da maki 81 da 72 a wasan farko, kafin su ci zinare.

A Janairun 2025 jami'ar ta sabunta mata kwantiragi na sama da dala miliyan 25 har zuwa 2030.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Masu shakka na cewa wasan jami'a daban, NBA daban. A jami'a koci ne ke zaɓo ɗalibansa, maganarsa ce doka. A NBA kuwa ana buga wasa 82 a kaka, kuma taurari sun fi kocinsu albashi da faɗa a ji.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Rick Pitino bai kai labari a Boston Celtics ba, haka John Calipari a New Jersey Nets. John Beilein ma ya bar Cleveland a 2020 ko kaka ɗaya bai cika ba.

Sai dai duk waɗannan an ba su dama sun gwada, kuma gazawarsu ba ta sa an daina ɗaukar maza daga jami'o'i ba. Brad Stevens ya fito daga Butler ya yi nasara a Boston, haka Billy Donovan ya daɗe a gasar bayan barin Florida.

Mata kuwa sun tsaya a matsayin mataimaka. Becky Hammon ta yi shekaru tana taimaka wa Gregg Popovich a San Antonio Spurs, ta nemi babbar kujera ba ta samu ba. Da ta koma Las Vegas Aces a WNBA, ta ɗauki kofi a 2022 da 2023.

Ke nan matsalar ba ta ƙarancin ƙwarewa ba ce. Masu ƙungiyoyi ne ke tsoron zama na farko, domin idan aka yi rashin nasara za a ce mace ce ta gaza, ba koci ba. Muddin ana auna mata da wannan ma'auni, ko kofi nawa Staley ta ƙara, za a ci gaba da kiranta ganawa, aikin kuma a bai wa wani.