Ba Kowane Ƙaiƙayi Ne Kazuwa Ba

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi yawa a ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har Wara ta Ngaski, wadda ya kamata mu tsaya mu duba. Da mutum ya ga karensa ko dokinsa yana susa, sai ya ce kazuwa ce, ya je wurin makanike ya roƙo baƙin mai ya shafe dabbar da shi. Kadan ba ta warke ba, ran kasuwa ya sayi allura a hannun mai tebur. Kuɗi sun tafi, fata ta ƙone, ƙaiƙayi kuwa yana nan. Mu dai a ganinmu wannan ɓarna ce, domin sau da yawa ba kazuwar ba ce.

Kazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, shi ke haƙa fata, kuma galibi ta kan bi dabbobin gida ɗaya bayan ɗaya, har ta taɓa yaran da ke wasa da kare. Amma akwai wani ƙaiƙayi dabam da likitoci ke kira alaji, watau jikin dabba ya ƙi wani abu da ba ya cutar sauran, kamar yadda wani mutum kan yi borin jini don ya ci abin da kowa ke ci. Wannan ba a ɗaukarsa. Kadan dawaki huɗu na turke guda, ɗaya kaɗai ke susa, kuma kowace shekara lokaci guda abin ke tasowa, to, a daina zargin kazuwa.

Mu fara da doki. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya kan cika ya kuma ja da baya kowace shekara, ya bar laka mai faɗi a bakin gaɓa. Laka mai danshi da ta gauraya da kashin dabbobi, nan ne ƙyashi ke yin ƙwai. Yawun bakinsa ne jikin waɗansu dawaki da jakuna ya ƙi. Za ka ga doki yana goga geza da gindin wutsiya a jikin itace har gashi ya kakkarye, wurin ya yi miki, ƙuda su bi. Wanda ya taɓa kai doki mai gundulalliyar wutsiya kasuwa ya san abin da dillali zai taya. Ƙyashi da almuru da asuba ya fi cizo, kuma ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Saboda haka a matsar da turke daga bakin ruwa zuwa tudu inda iska ke kaɗawa, a riƙa kwashe kashi kullum, a yi hayaƙi kafin magariba, a yafa wa dokin tsohon bargo ko buhu. Gidan sauro irin namu ba ya hana shi, ramukansa sun yi masa faɗi. Da hunturu kuma, dokin da ƙurar harawa ke sa wa tari, a jiƙa masa ita da ruwa kafin a ba shi.

Kare da kyanwa, babban abokin gabansu ƙuma ne. Wanda jikinsa ya ƙi ta, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci kwana da kwanaki, ya yi ta cizon gindin wutsiyarsa. Kare da ya kwana susa kuwa ba ya tsaron gona. Mai shi ya kan ce ya duba bai ga ƙuma ba. Ai mafi yawanta ba a jikin kare ta ke ba, ƙwai da tsutsarta suna cikin ƙasar da ya ke kwanciya. A share wurin, a ƙone tsummokin, a nemi maganin ƙuma wanda aka yi domin kare. Amma fa a kiyaye, wani maganin da kare ke ɗauka, irin mai Permethrin, kashe kyanwa ya ke yi, haka kuma Paracetamol ko da ƙwaya guda.

Saura na abinci. Shi ba ruwansa da rani ko damina, kuma ya kan zo da ciwon kunne ko zawo. A wurin kare an fi samunsa daga naman shanu, da nono, da kaza, da alkama. A wurin kyanwa har da kifi, abin da ya fi komi yawa a tungayen bakin ruwa. Hanyar ganewa ɗaya ce, sai dai tana son haƙuri: a tsayar da dabbar a kan tuwo da nama iri guda wanda ba ta saba ci ba, har mako takwas, ban da ragowar kwano. In susa ta lafa, a mayar da abincin da, in ta dawo an kama ɓarawo. Albasa, wadda mu ke da ita jibge a Yawuri, wannan ba maganar alaji ba ce, guba ce ga kare da kyanwa, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa musu jini.

Kafin a sayi allura, a kai dabbar wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a roƙe shi ya kankaro fatar a duba da madubin likita. In ƙwaron kazuwa ne, Ivermectin na kashe shi. In alaji ne, ko an yi allurar sau goma ba ta taɓa shi.