"Moreover" kaɗai ba ta ɗinke insha'i

Na jima ina koyar da Ingilishi a wata lise a Maraɗi, kuma duk shekara idan jarrabawar bak ta ƙarato, sai in ga yara na yawo da wata ƴar takarda a cikin kaye: "firstly", "secondly", "moreover", "however", "in conclusion". Sun haddace su kamar addu'a. Mu malamai ne muka ba su, muka ce su liƙa ɗaya a farkon kowane sakin layi, za su samu maki. Ni ma na yi haka shekara da shekaru. Yanzu ina ganin mun cuce su. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ga misali. Na ba ƴan ajin ƙarshe insha'i kan samarin da ke barin karkara zuwa birni. Wani yaro ya yi sakin layi mai kyau kan damina da ke gajarta da gonar da ba ta ciyar da gida har shekara ta zagayo. Na biyu ya buɗe shi da "moreover", ya shiga bayanin wahalar da ɗan ci-rani ke sha a Yamai ko Kano. To "moreover" tana nufin "bugu da ƙari", alhali abin da ya biyo baya juyi ne. Na ce ya faɗa mini da Hausa. Nan take ya ce: "Sun gudu daga yunwa, amma birnin ma ba hutu." Ashe ya san "amma" ce ta dace, takardar haddar ce ta ɓatar da shi.

Haɗin sakin layi yana farawa ne daga tunani, kalmar na zuwa daga baya. Kafin yaro ya zaɓi kalma, ya kamata ya amsa tambaya ɗaya: wannan sakin layin ƙari ne kan na baya, ko saɓani, ko dalili, ko sakamako? Sau da yawa ma ba a buƙatar kalmar haɗi. Idan na farko ya ƙare da rumbun da ya zama wayam, na biyu ya ɗauko rumbun nan ya fara da shi, mai karatu zai bi ba tare da tuntuɓe ba.

Wani zai ce lokacin jarrabawa kaɗan ne, mai gyaran takarda kuma na da tuli a gabansa, kalmomin nan yake nema da ido. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai "however" da aka sa inda babu saɓani shaida ce ƙarara cewa yaro bai fahimci abin da ya rubuta ba, kuma mai gyaran kirki ba zai rasa gani ba.

Ga abin da nake yi yanzu, ba ya cin ko dala. Ina yanka insha'in ɗalibi da almakashi, kowane sakin layi daban, in rufe kalmar farko, in cakuɗa, in miƙa wa abokinsa. Idan ya mayar da su daidai, akwai haɗi. Idan ya kasa, marubucin ya koma ya gyara jimlar ƙarshe da ta farko.

Iyaye ma kuna da rawar takawa, ko ba ku jin Ingilishi. Bayan cin tuwon dare, ku ce yaro ya faɗa muku abin da ya rubuta da Hausa. Duk inda ya tsallaka daga magana zuwa wata, ku tambaye shi: "Me ya haɗa wannan da wancan?" Idan ya iya ba ku amsa a tsakar gida, zai iya rubuta ta ranar jarrabawa.