Lafiyar Girkawan Dā Ba a Kwalbar Man Zaitun Kaɗai Take Ba

A shekarar 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ƙasar Girka a ɗaiɗaice, gwamnatin ƙasar ta gayyaci Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta zo ta duba halin da mutanen tsibirin Kirit suke ciki. Tawagar da Leland Allbaugh ya jagoranta ta bi ƙauyuka gida-gida tana auna abin da ake zubawa a tukunya. Abincin talakawa ta tarar: burodin alkama da na sha'ir, wake iri-iri, ganyayen da mata suke tsinkowa a kan tsaunuka, 'ya'yan itatuwa, ɗan cukun akuya, sai man zaitun mai yawa. Nama kuwa sai jefi-jefi, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tambaya sun ce da suna da hali, nama za su ƙara.

Shekara goma sha biyu bayan haka, wani masani Ba'amurke mai suna Ancel Keys ya shigar da tsibirin cikin babban bincikensa na ƙasashe bakwai: Amurka, Finlan, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Japan da Girka. An bi rayuwar maza sama da 12,000 masu shekara 40 zuwa 59, kusan 700 daga cikinsu manoman Kirit ne. Da aka yi shekaru ana lissafi, sai ya bayyana cewa mutanen Kirit ne suka fi kowa ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya, mutanen gabashin Finlan kuma suka fi kowa yawa. Abin mamakin shi ne duka ɓangarorin biyu maiƙo suke ci sosai, wajen kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da abincinsu yake ba jiki. Na Finlan daga man shanu da madara da nama yake fitowa, na Kirit daga zaitun.

Daga nan sunan abincin Bahar Rum ya zagaya duniya. A 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ya kamata a adana, kuma man zaitun ya zama haja mai tsada daga kantunan Landan har zuwa shagunan magungunan Musulunci na Kano da Maraɗi, inda ake sayar da shi a ƙananan kwalabe. Zaitun itaciya ce mai albarka, Alƙur'ani mai girma ya ambace ta, kuma babu mai ja da amfaninta. Amma wanda ya ɗauka cewa cokali ɗaya na mai da safe zai ba shi zuciyar manomin Kirit bai fahimci labarin ba. Abin da ya kare waɗannan mutane tsarin rayuwa ne sukutum, kuma man ɓangare ɗaya ne a cikinsa.

A fara da ganye. Girkawa suna kiransa horta, kuma ba iri ɗaya ba ne: duk wani ganyen jeji da ake ci, mai ɗaci da mai daɗi, wanda yake tsirowa bayan ruwan hunturu. Tsofaffin mata sukan fita da wuƙa da jaka su cika, a dafa shi sama-sama, a tsane, a zuba mai da ruwan lemun tsami. Duk wanda ya san matsayin kwaɗon zogale ko na rama a gidan Bahaushe ya san matsayin horta a gidan Bagirke. Da bazara kuma suna cin wani ganye da suke kira vlita, wanda dangin alayyafo ne na kusa.

Sai wake. Miyar farin wake da tumatir da karas, fasolada, ita ce Girkawa da yawa suke ɗauka a matsayin abincin ƙasa. Akwai na adas, akwai fava ta tsibirin Santorini da ake dafawa har ta narke, akwai kuma wake mai baƙin ido, wanda shi ne dai waken da Najeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa nomawa a duniya. Akwai rukunin girki guda da ake kira ladera, wato na mai: kuɓewa ko ɗanyen wake ko yalo a dafa da tumatir da albasa da man zaitun, a ci da burodi, shi ke nan an ci abincin rana, ba a jiran nama ya biyo baya. Burodin Kirit na gargajiya ma, paximadi, na sha'ir ne da ake gasawa sau biyu har ya bushe ƙamas, yana wata da watanni bai lalace ba, sai an jiƙa shi kafin a ci.

Wani abin da masu tallan wannan abinci ba su cika ambata ba shi ne azumi. Cocin Otodoks ta Girka ta tsara kwana 180 zuwa 200 a shekara na kame baki: kusan kowace Laraba da Juma'a, mako bakwai kafin bikin Ista, kwana arba'in kafin Kirsimeti, da makonni biyun farko na Agusta. Azuminsu ya bambanta da na Ramadan, domin ana ci da rana, sai dai an bar nama da ƙwai da madara da cuku, a wasu ranakun har da kifi da man zaitun ɗin kansa. Ke nan mai kiyaye addininsa yakan yi kusan rabin shekara a kan wake da ganye da hatsi. Farfesa Anthony Kafatos na Jami'ar Kirit da abokan aikinsa sun auna masu wannan azumi a farkon shekarun 2000, suka ga kitsen jininsu da nauyinsu suna sauka a lokacinsa. Sun kuma ja hankali cewa binciken Keys bai ba wannan al'ada muhimmancin da ta cancanta ba, alhali yawancin mazan da aka auna masu azumi ne. Wannan magana tana da nauyi. Babu likitan da ya hana manomin Kirit nama. Rashi ne ya rage masa, addini ya tsara masa, kuma tun da duk ƙauyen tare ake yi, ba sai mutum ya yi kokawa da ransa shi kaɗai ba.

Aikin jiki ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙasa ce ta tsaunuka, gona tana nesa da gida, ana hawa ana sauka a ƙasa ko a kan jaki, ana kiwon awaki, ana tsinkar zaitun da hannu cikin sanyi.

Barcin rana kuwa ya samu nasa binciken. A 2007 Androniki Naska da Dimitrios Trichopoulos da abokansu suka wallafa sakamakon bin Girkawa sama da 23,000 na kimanin shekara shida. Waɗanda suke ƙailula aƙalla sau uku a mako, na rabin awa ko fiye, sun yi ƙasa da sauran da kashi 37 cikin 100 wajen mutuwa ta ciwon zuciya, kuma bambancin ya fi fitowa a tsakanin maza masu aiki. Kafin nan, a 2003, Antonia Trichopoulou ta nuna a kan mutum sama da 22,000 cewa gwargwadon riƙon mutum da abincin gargajiya, gwargwadon raguwar haɗarin mutuwarsa. Abin lura a aikinta shi ne, da aka ware kowane nau'in abinci shi kaɗai, tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Sai an haɗa su amfanin yake bayyana.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga Faransa ta zo. A birnin Liyon, likita Michel de Lorgeril ya ɗauki mutum 605 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya ɗora rabinsu a kan abinci irin na Kirit: ƙarin burodi da ganye da wake da kifi da 'ya'yan itatuwa, da rage jan nama. A maimakon man shanu, abin da aka raba musu kyauta bota ce ta man kanola. Duk da haka, sake kamuwa da bugun zuciya ya ragu da fiye da rabi a cikinsu. Wannan ba ya rage darajar zaitun. Wani babban gwaji da aka yi a Sifaniya a kan mutum 7,447 ya nuna cewa ƙara man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu ɓawo a kan irin wannan abinci ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin 100. Amma a can ɗin ma, a kan wake da ganye da kifi aka ƙara man.

Game da giyar inabi da ake yawan haɗawa da wannan labari, gaskiya ne Girkawan ƙauye suna shan ta tare da abinci. Sai dai a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Wanda ba ya sha bai rasa komai ba.

Yanzu tsibirin Ikariya ne ya karɓe suna daga Kirit. Ƙaramin wuri ne kusa da gaɓar Turkiyya, mutanensa ba su kai 10,000 ba, kuma marubuci Dan Buettner ya sa shi cikin yankuna biyar da ya ce mutane sun fi daɗewa a duniya. Masu bincike daga Jami'ar Atina sun je can a 2009, suka tarar da tsofaffi 'yan sama da tamanin suna noman lambunansu, suna shan shayin ganyen tsauni da nonon akuya, suna ƙailula, suna ziyartar juna kullum. A ƙauyen Christos Raches an san shaguna da buɗewa da dare, lokacin da mutane suka gama aikin gona. Da bazara kuma ƙauyuka suna yin bukukuwan da suke kira panigiria, inda jika da kaka suke rawa a da'ira ɗaya har wayewar gari, kuɗin da aka tara kuma ya tafi aikin gayyar ƙauye. Tsoho a irin wannan wuri yana da aikin yi, yana da masu nemansa, kuma ba ya cin abinci shi kaɗai. Wannan kaɗai magani ne babba.

Amma a yi hattara da alƙaluman masu shekara ɗari. A 2011, lokacin da bashi ya shaƙe Girka, gwamnati ta binciki rajistar fansho ta gano dubban matattu da ake ci gaba da karɓar kuɗi da sunansu. Masani Saul Newman ya daɗe yana nuna cewa wuraren da aka fi jin labarin masu tsawon rai sau da yawa su ne wuraren da takardun haihuwa ba su da inganci. Masu kare Ikariya sun ce sun tantance shekarun mutanensu, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne binciken da aka bi mutane shekara da shekaru ana ƙirga wanda ya kamu da wanda ya mutu.

Kada kuma a yi wa talauci kwalliya. Yunwar da ta auka wa Girka a ƙarƙashin mamayar Jamus, musamman a hunturun 1941 zuwa 1942, ta kashe dubban ɗaruruwan mutane, kuma zazzabin cizon sauro ya addabi ƙasar har sai bayan yaƙi aka ci ƙarfinsa. Mazan da Keys ya auna waɗanda suka tsallake duk wannan ne. Idan yau Bagirke yana sa ran haura shekara tamanin, rigakafi da ruwa mai tsabta da asibiti suna da babban rabo a ciki. Abinci mai kyau yana kare babba daga ciwon zuciya da na sukari, ba ya maye gurbin allurar jariri.

Ɓangaren da ya fi sosa rai shi ne abin da ya biyo bayan samun wadata. Kuɗin yawon buɗe ido da tallafin Tarayyar Turai suka shigo, mota da tarakta suka karɓi aikin ƙafa, nama ya koma na kullum, lemun kwalba da kayan maƙulashe na leda suka cika shaguna, azumi ya zama na tsofaffi. Da masu bincike na Jami'ar Kirit suka sake auna manoman tsibirin a 2005, sun tarar matsakaicin nauyinsu ya ɗara na manoman shekarun 1960 da wajen kilo 20, kuma fiye da takwas cikin goma sun wuce kima. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha sa yaran Girka a sahun gaba na ƙiba a Turai, kusan huɗu cikin goma na 'yan firamare. Duk wannan ya faru ne alhali Girkawa suna nan cikin waɗanda suka fi kowa cin man zaitun a duniya. Man bai bar teburinsu ba. Waken da ganyen da tafiyar da azumin ne suka ja baya, kuma cikin zuriya biyu kacal lamarin ya juye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen da suka ci wake da ganye saboda rashi sun ɗauke su alamar rashi, don haka ranar da aljihu ya yi nauyi suka juya musu baya. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a biranen ƙasar Hausa, inda ake wa dambu da fate da kwaɗo kallon abincin ƙauye, ana cika yara da taliyar leda da lemun zaƙi, hawan jini da ciwon sukari kuma suna ƙaruwa.

Saboda haka mai karatu da yake da kuɗin man zaitun ya saya, ya yi girki da shi, zai amfane shi. Wanda ba shi da su kada ya damu, domin man gyaɗa ma yana ɗauke da irin maiƙon da ya fi yawa a zaitun, ko da bai kai shi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci yana kasuwar unguwa: wake, alayyafo, kuɓewa, zogale, gero da dawa da ba a cashe su fes ba. Iyaye su dawo da su tukunyar gida sau da yawa a mako, su ci tare da 'ya'yansu, kuma malaman asibiti su riƙa faɗa wa masu hawan jini haka da sunayen abincin da suka sani, tun kafin ƙiba ta kama yaran Kano da Zariya da Damagaram kamar yadda ta kama na Kirit.