Maganin Feshin Hanci: Sauƙin Dannawa Daban, Iya Amfani Daban

Da hunturu ya kama a Sakkwato, duk mazaunin Mabera ya san alamarsa: atishawa a sahun masallaci, atishawa a bayan ɗan kabu-kabu. Waɗanda jikinsu ba ya shiri da ƙura sai su nufi kemis neman 'yar kwalbar nan da ake fesawa a hanci. Ka tambaye su, za su ce maka ai ba ta da wuyar sha'ani. Ni dai ban yarda ba.

'Yar kwalbar na'ura ce, kuma famfonta abin yabo ne. Kowace dannawa tana fitar da awo ɗaya daidai, misali mikrogiram 50 a yawancin feshin fluticasone. Matsalar ita ce maganin iri biyu ne, kwalaben kuwa sun yi kama.

Na farko, irin su Otrivin, yana buɗe hanci cikin mintuna, amma in aka wuce mako guda ana fesa shi, hancin kan ƙara toshewa da zarar ya sake shi. Na biyu, irin su fluticasone da mometasone, shi ne ke kwantar da kumburin da ƙura ke tayarwa, sai dai yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin a ji cikakken amfaninsa. Mutane sai su yabi na farko, su jefar da na biyu a kwana na uku. Ni ma bara na faɗa wannan tarko: mako uku ba na iya barci sai na fesa, sai da likita ya raba ni da kwalbar. Sauri ya haifi nawa.

Ga kuma yadda ake riƙe ta. Ka fyace majina, ka girgiza kwalbar, ka ɗan sunkuyar da kai. Ka fesa hancin dama da hannun hagu, na hagu da hannun dama, don bakin kwalbar ya kauce wa guringuntsin tsakiya, inda haɓo ke farawa. Ka shaƙa a hankali. In ka zuƙa da ƙarfi maganin maƙogwaro zai wuce. Duk wannan na cikin takardar kwali, amma da Turanci, da ƙananan haruffa. Wanda ya sayar mini bai ce mini komai a kai ba.

Da waya ce ta zo haka, da mun yi ta ƙorafi. Ya kamata kamfanoni su sa hotuna da bayanin Hausa, da abin ƙirga sauran feshin da ya rage. Masu kemis kuma su ɗauki minti ɗaya su nuna wa mai saye.

Kai kuma mai saye, duba lambar NAFDAC, ka tambayi wane iri aka ba ka. In toshewar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko ka ga jini, sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari.