FARAR RIGA BA ITA CE LIKITA BA



Idan za mu sayi fili, sai mun ga takarda, mun tambayi mai unguwa. Amma yaro na kwanciya da zazzaɓi, duk wanda ya sa farar riga ana ce masa "Dakta" sai mu miƙa masa shi ya tsira masa allura. Wallahi wannan sakaci ne, kuma amana ce za a tambaye mu.

A Najeriya, likita sai ya kammala karatun likitanci, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hukumar MDCN ta yi masa cikakkiyar rajista. Lasisinsa kuma duk shekara ake sabunta shi. Mai kemis na unguwa, komai kirkinsa, ƙananan magunguna aka ba shi izinin sayarwa. Babu allura, babu ƙarin ruwa, balle tiyata.

Maigida, kafin ka kai iyalinka wurin wani, tambaye shi: ina ka yi karatu? Ina lasisinka na bana? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Haka mai maganin Musulunci da mai ƙaho: wa ya koyar da shi? Maganin da ya ɗura a kwalba yana da lambar NAFDAC?

Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora alhakin ɓarna a kan wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba. To mu ma kada mu kai kanmu. Bincike ba ya kore tawakkali.

Allah ya ba mu lafiya. A tura wa 'yan uwa.