Laifin Na Almakashi Ne Ko Na Mai Riƙe Da Shi?

Duk ranar da aka yi biki a Fagge ko Sabon Gari, sai a ji 'yan uwa matasa suna ta Allah wadai da 'yan mata saboda matsattsun kaya. To amma wa ya ɗinka? Yarinya dai yadi kawai ta sayo a Kantin Kwari. Wanda ya auna ta da tef, ya shimfiɗa yadin a kan tebur ya sa almakashi, namiji ne, kuma sau da yawa yana sahun gaba a masallacin Juma'a.

Abin ba tsautsayi ba ne, ilmi ne da ake koyo. Kowane yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. In aka bi zare aka yanka, riga takan sauka ta saki jiki. In kuwa tela ya juya yadin ya yanka a karkace, a kan kusurwar digiri 45, sai yadin ya riƙa miƙewa kamar roba, ya lafe a ƙugu da cinya, musamman mai santsi irin siliki. Wata tela a birnin Paris na Faransa, Madeleine Vionnet, wadda ta buɗe gidan ɗinkinta a 1912, ita ta yayata wannan yanka a shekarun 1920. A jikin 'yar tsanar katako take fara naɗa yadi ta ga yadda zai kwanta. Manufarta a fili take, wato riga ta bi surar jiki. Malamai kuwa sun sharɗanta cewa suturar mace kada ta siffanta jiki. Yaya za a haɗa waɗannan biyu?

Ga kuma ɓarna. Yankan karkace yana cin yadi fiye da yankan miƙe, kusurwoyi su tafi a ƙyalle. Uba ya yi gumi ya sayi yadi shida, a mayar masa da rigar da ba ta barin ɗankwalin kirki.

A 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumi wajen tallar kaya. An kawar da gunkin roba daga ƙofar shago, tebur ɗin yanka kuwa yana nan a ciki, ba wanda ya leƙa.

Wai uzurin telan shi ne abin da kwastoma ta ce shi za a yi, in ya ƙi ta tsallaka shagon gaba. Haka ne, za ta iya tsallakawa. Amma wannan telan da kansa yake nuna mata hotuna a waya, yana cewa wannan ne ake yayi. Kuma ya san inda yankan karkace yake da amfani, don da siririn ƙyallen da aka yanka haka yake lanƙwasa bakin wuyan riga ya kwanta sumul. Yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa, 'yan shekara goma sha, su yake miƙa wa tef su riƙe masa yayin da yake awon matar aure.