Kuɗin Tikiti Ba Ya Sayen Mawaƙi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina zaune ne a Landan, kuma ina cikin masu son kiɗan rok, kiɗan nan na gita mai lantarki da ganguna wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila tun shekarun 1950 da 1960. Damuwata ita ce irin rashin ɗa'ar da 'yan kallo suke nunawa a wuraren da ake yin wannan kiɗa, har ta kai mawaƙi yana hawa dandamali yana fargabar abin da za a jefo masa.

Wani mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, da ruwanmu. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Turai da Amurka suna shiga waɗannan ɗakunan kiɗa. Sannan a yau cikin fitattun masu gita na duniya akwai maƙwabtanmu na ƙasa ɗaya da Hausawan Nijar. Bombino ɗan Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Grammy, a 2019. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar burkin keke, yanzu yana zaga biranen Turai da Amurka da ƙungiyarsa. Duk abin da ake yi wa mawaƙa a waɗannan wurare, har da su ake yi wa.

Bari in fara da jifa, don ita ta fi muni a ido. A watan Yunin 2023, a birnin New York, wani saurayi ya wurga wa mawaƙiya Bebe Rexha wayar salula a fuska tana tsakiyar waƙa. Sai da aka yi mata ɗinki a saman ido. Da 'yan sanda suka kama shi, dalilin da ya bayar shi ne ya ɗauka abin zai ba da dariya. A cikin watan nan dai, a filin Hyde Park da ke nan Landan, aka jefa wa mawaƙiya Pink ƙullin toka a kan dandamali, aka ce tokar gawar mahaifiyar wani ne cikin 'yan kallo, da yake wasu a nan ƙone mamaci suke yi. A watan Yuli kuma aka jefi mawaƙi Harry Styles a ido a birnin Vienna. Abin ba yau ya fara ba. A 2004, a birnin Oslo na Norwe, an jefi mawaƙi David Bowie da alewa mai tsinke, ta same shi a idonsa na hagu, idon da dama yake da rauni tun yana yaro. Mutumin da fitilu suka haske masa ido, hannayensa na kan gita, ba ya ganin abin da ke tahowa balle ya kauce. Mai jifarsa ya san haka sarai.

Na biyu shi ne wayar salula. Ba na ƙin mutum ya ɗauki hoto ɗaya ko biyu ya ajiye don tunawa. Abin da ke damuna shi ne wanda zai ɗaga waya sama da kansa tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, wani lokaci da fitila a kunne, na bayansa ba su ganin komai sai gilashin wayarsa. Mawaƙa da kansu sun gaji. Lokacin da mawaƙiya Kate Bush ta dawo dandamali a Hammersmith da ke nan Landan a 2014 bayan shekara 35 ba ta yi jerin wasanni ba, sai da ta roƙi masoyanta su bar wayoyinsu a aljihu. Jack White ya hana waya a wasanninsa a 2018, Bob Dylan ma ya bi sahu. Yadda suke yi shi ne, a bakin ƙofa a saka wayarka cikin wata 'yar jaka ta kamfanin Yondr a kulle, ka riƙe abarka, amma ba za ta buɗu ba sai ka fita zuwa inda aka ajiye mabuɗin maganaɗisu. Abin kunya ne a ce sai an kulle wa baligi waya kafin ya saurari abin da ya biya kuɗi don ya saurara.

Na uku shi ne surutu da watsa giya. Kwanakin baya na je wani ƙaramin ɗakin kiɗa kallon wasu masu gita daga Sahara. Da suka zo kan wata waƙa mai sanyi da harshen Buzanci, aka rage ganguna, sai ga wasu samari a gabana sun juya wa dandamali baya suna hirar ƙwallo da iyakar muryarsu. Wata dattijuwa ta roƙe su cikin ladabi su sassauta, suka yi mata dariya. Da kiɗa ya sake ɗaukar zafi, ɗayansu ya cilla kofin giyarsa sama, ta zubo a kan mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, har da mu da ba ma sha. Mutanen nan sun baro iyalinsu, sun sha wahalar biza da doguwar tafiya don su yi mana kiɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, domin wanda ya yi irin wannan tattaki ya cancanci a ba shi kunne.

Na huɗu ya fi duk sauran nauyi, wato taɓa mata a cikin cunkoso. Binciken da kamfanin YouGov ya yi a Birtaniya a 2018 ya nuna cewa kashi 22 cikin ɗari na masu zuwa bukukuwan kiɗa sun taɓa fuskantar cin zarafi irin wannan. A cikin mata 'yan ƙasa da shekara 40, adadin ya kai kashi 43, kuma kashi 2 kacal na abubuwan da suka faru ne aka kai wa 'yan sanda. A Suwidin, masu shirya bikin Bravalla sun soke na 2018 gaba ɗaya saboda rahotannin fyaɗe da cin zarafi a bikin 2017. Dubban mutanen kirki suka rasa bikinsu saboda 'yan tsiraru, wake ɗaya ya ɓata gari. Wannan ya wuce rashin ɗa'a, laifi ne da doka take hukunta mai yin sa, kuma duk namijin da ya gani ya kau da kai yana da nasa kason.

Na san amsar da ake bayarwa. Za a ce ai kiɗan rok dama kiɗan tawaye ne, na hayaniya da gumi, wanda ke son shiru ya zauna a gida. Na yarda da rabin maganar. Ban ce a zauna a naɗe hannu kamar a ɗakin jarrabawa ba. A yi ihu, a yi tsalle, a bi waƙa har murya ta dishe. Amma wannan hayaniya tana da dokokinta, kuma tsofaffin hannu sun san su. A tsakiyar fili, gaban dandamali, samari kan buɗe da'ira suna karo da juna da kafaɗa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka faɗa ake yi. Amma da zarar wani ya faɗi, na kusa da shi za su tsaya su ɗaga shi. Wanda ba ya son shiga ba a jan sa da ƙarfi. In takalmi ko tabarau ya faɗi, mai tsinta zai ɗaga shi sama har mai shi ya gani. Kamar filin dambe ne: duk zafin karawa, in abokin karawarka ya kai ƙasa an gama, ba a bin sa da naushi. Mai jifa da mai taɓa mata ba su san wannan al'ada ba, fakewa kawai suke yi da sunanta.

Kuma mawaƙan da kansu ba su taɓa jin daɗin wulaƙanci ba. A watan Yulin 1977, a babban filin wasa na Montreal, 'yan kallo suka dami ƙungiyar Pink Floyd da ihu da harba tartsatsin wuta har mawaƙinta Roger Waters ya fusata ya tofa wa ɗayansu yawu. Abin ya dame shi daga baya, kuma daga nan ne tunanin gina katanga tsakanin mawaƙi da 'yan kallo ya zo masa, wanda ya haifar da faifan The Wall a 1979. Rashin ɗa'a ba ya kusantar da mutum ga mawaƙin da yake so. Shinge yake ƙarawa, da masu gadi, da tazara.

Me ya sa abin ya ƙaru a 'yan shekarun nan? A ganina dalilai uku ne. Na farko, neman suna a TikTok da Instagram: yaro ya san in ya jefi mawaƙi ko ya sa shi ya fusata, bidiyon zai zaga duniya kafin gari ya waye. Na biyu, kullen korona na 2020 da 2021 ya rufe ɗakunan kiɗa, sai matasa da yawa suka fara zuwa manyan wasanni ba tare da sun koyi ladabin wurin daga na gaba da su a ƙananan ɗakuna ba. Na uku, tsadar tikiti. Lokacin da aka sayar da tikitin dawowar ƙungiyar Oasis a 2024, tikitin tsayuwa da aka sa kusan fam 150 ya haura fam 350 a shafin Ticketmaster cikin yini guda. Wanda ya biya irin wannan kuɗi yakan shiga da tunanin daren nasa ne shi kaɗai. Ya manta cewa na kusa da shi ma kuɗin ya biya. Tikiti wurin tsayuwa yake saya wa mutum, ba ya saya masa mawaƙi, ba ya kuma saya masa haƙƙin maƙwabcinsa.

Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami da gaske shi ne inda ture-ture yake kai mutane. Ranar 30 ga Yunin 2000, a bikin Roskilde na Danmak, samari tara suka mutu a gaban dandamali lokacin da ƙungiyar Pearl Jam take wasa. Ranar 3 ga Disamban 1979, mutum 11 suka rasu a birnin Cincinnati na Amurka a ƙofar shiga wasan ƙungiyar The Who. Nan Landan kuma, ranar 15 ga Disamban 2022, a ɗakin kiɗa na Brixton mai ɗaukar kusan mutum 5,000, an yi turmutsitsi a ƙofa a daren wasan Asake, mawaƙin Nijeriya, lokacin da taron jama'a ya yi ƙoƙarin kutsawa ciki. Mutum biyu suka rasa ransu, wata uwa mai 'ya'ya biyu da ɗaya daga cikin ma'aikatan tsaro. Ƙaramar hukumar Lambeth ta dakatar da lasisin wurin, ba a sake buɗe shi ba sai a watan Afrilun 2024, bisa sharuɗɗa 77.

Gaskiya ce babban alhakin irin wannan masifa yana wuyan masu shirya wasa. Su ne suka san yawan ƙofofi, da yawan tikitin da aka sayar, da inda ya kamata a kafa shinge. A Cincinnati ƙofofi kaɗan aka buɗe wa dubban mutane. Amma ɗan kallo ma yana da nasa. Wanda ke can baya yana turawa don ya matso gaba ba ya ganin cewa a gaba akwai wanda ƙirjinsa ya matsu har ba ya iya jan numfashi. Wanda ya zo ba tikiti yana neman kutsawa yana wasa ne da ran wasu.

Don haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Masu shirya wasa da masu ɗakunan kiɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: ku rubuta dokoki a fili tun a jikin tikiti, ku fitar da mai jifa nan take ku hana shi dawowa, ku daina sayar wa wanda ya riga ya bugu giya, ku horar da masu gadi su saurari mace in ta kawo ƙara. Mawaƙa, ku riƙa tsayar da kiɗa in kun hango wani ya faɗi ko ana cin zarafin wata. Minti biyu na shiru ba zai rage muku komai ba.

Ƙannena da 'ya'yana da ke wannan ƙasa da sauran ƙasashen waje, da ku nake musamman. A wurinmu, mutum ya taso ya je gaban makaɗi ya yi masa liƙi girmamawa ce. A nan, hawa dandamali ba izini yana sa masu gadi su kayar da mutum ƙasa, kuma suna da dalili: a watan Disamban 2004, a birnin Columbus na Amurka, wani ya hau dandamali ya harbe mai gita Dimebag Darrell tare da wasu mutum uku. Ku tsaya inda aka ba ku. In ba ku da tikiti kada ku je ƙofa. In hira kuke so ku fita waje. Ku sauke waya ku bar na baya su gani. In wani ya faɗi ku ɗaga shi, in kun ga ana takura wa mace ku kira masu gadi, ku tsaya kusa da ita har su iso. Iyaye kuma da ke gida, in kuna waya da 'ya'yanku kuna tambayar karatu da lafiya, ku haɗa da wannan nasiha. Tarbiyyar da aka ba mu ta girmama baƙo da kare na kusa da mu tana aiki a ko'ina, har a gaban lasifika.

Allah ya ƙara wa jaridarka farin jini, ya kuma kare mana matasanmu a duk inda suke.

Naka mai karatu a kullum,
daga birnin Landan, Ingila.